Shawara: Kallo ne kaɗai hutuna, amma an ce na zama raguwa

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Kano, shekaruna 34, ina da aure da yara uku: babbar mace ce mai shekara 11, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 8, autan bai cika uku ba. Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi na ɗora abin kari, na shirya yara, na hau adaidaita biyu kafin na isa makaranta. Yaran ajina sun haura 80. In na dawo wajen biyu da rabi sai girkin rana, sai shirin Islamiyya, sai wanke-wanke, sai girkin dare, ga littattafan ɗalibai suna jiran maki. Maigida ɗan kasuwa ne, sai bayan isha'i yake shigowa. Mutumin kirki ne, amma in ya shigo sai dai a kai masa ruwan wanka da abinci.

Makon jiya ya fi kowanne. Ana jarrabawa, autana ya kwanta zazzaɓi, taransifomar unguwarmu ta lalace, ga bikin dangin miji da kuɗin anko. Abu ɗaya ne ke sanyaya mini rai: in kowa ya kwanta wajen ƙarfe goma, sai na haɗa shayi mai kauri, na ɗauki waya na kalli fim mai dogon zango ko fassarar Indiya. Kullum da niyyar kashi ɗaya nake farawa, sai na ɗaga kai na ga ƙarfe ɗaya, wani lokacin biyu. Da safe kaina kamar zai tsage, ina ta yi wa yara tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba. Har makara sallar asuba na yi. Ranar Asabar ƙanwar maigida ta shigo ta same ni kwance da waya, kwanuka zube a tsakar gida, ta ce, "Matan yanzu waya ta gama da ku." Maganar ta tsaya mini a wuya. Anti, raguwa na zama? Laifi nake yi? In daina kallon gaba ɗaya? In na daina ban san me ya rage mini ba.

Malama, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da fama, ya mai jiki? Allah ya ƙara masa lafiya.

Ke malama ce, don haka mu fara da lissafi. Daga huɗu da rabi na asuba zuwa goman dare awa 17 ke nan da rabi, kuma a cikinsu ban ga inda kika zauna don kanki ba. Mai irin wannan yini ba a kiranta raguwa, ko da an same ta kwance ranar Asabar kwanuka na jiranta. Ki sauke wannan daga ranki tukuna, domin akwai magana mai nauyi a gaba, kuma mutum ba ya jin shawara yana tsaka da zargin kansa.

Ba kuma zan ce ki daina kallo ba. Layin ƙarshe na wasiƙarki ne ya hana ni. Matar da ta ce in an ɗauke mata wannan ba ta san me ya rage mata ba, ba a fara gyara mata rayuwa da ƙwace shi. Da na ce ki daina, da kin daina na kwana huɗu, sannan ki koma a ɓoye, ki ƙara wa gajiyarki jin kunya.

Tun da kin tambayi ko laifi ne, ga abin da ya zo a Bukhari. Salmanul Farisi ya kai wa ɗan'uwansa Abud Darda'i ziyara, ya tarar da matarsa cikin tufafin da suka ji jiki. Da ya tambaye ta dalili, ta ce ɗan'uwanka ba shi da bukatar duniya. Aka kawo abinci, Abud Darda'i ya ce shi azumi yake, Salmanu ya ce ba zai ci ba sai sun ci tare. Dare ya yi, mai gida ya miƙe zai yi nafila, baƙo ya ce koma ka kwanta. Ya sake miƙewa, ya sake mayar da shi, sai can ƙarshen dare suka tashi suka yi salla. Sannan Salmanu ya ce masa: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ki duba fa, daga kan nafila aka tashe shi aka ce ya ci, ya yi barci. To ina ga wanke-wanke? Game da nishaɗi kuwa, Nana A'isha ta ba da labarin yadda ta tsaya bayan Manzon Allah (SAW) ranar idi tana kallon mutanen Habasha suna wasa da masu a masallaci, yana kare ta, har sai da ita da kanta ta ce ta ƙoshi. Abin da ake kallo shi ne abin lura, kuma ke ba yarinya ba ce, kin san fim ɗin da za ki iya kallo 'yarki na zaune kusa da ke da wanda ba za ki iya ba.

Sai dai hadisin Salmanu da ya wanke ki, shi ne kuma ya kama ki. Haƙƙin da jikinki ke binki na farko barci ne, kuma shi kike yanka ki biya kuɗin kallo. In kin kwanta ƙarfe ɗaya ko biyu kika tashi huɗu da rabi, awa uku kike samu, wata rana ma ba su cika ba. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7. Ciwon kan nan na safe, da tsawar da kike yi wa yara, da makarar asuba, duk tushensu ɗaya. Wanda bai yi barci ba haƙurinsa gajere ne, abu kaɗan ke tunzura shi, mantuwa ta yi masa yawa. Halinki bai canja ba. Jiki magayi ne, ya gaya miki.

Abubuwa uku ne suka haɗu suke riƙe ki har tsakar dare, kuma ba wanda ya shafi raunin imaninki a ciki. Shayin nan mai kauri yana ɗauke da sinadarin kafeyin (caffeine), irin wanda ke cikin goro da kofi, kuma jiki yana ɗaukar wajen awa biyar kafin ya rage rabinsa. Wanda kika sha ƙarfe goma, rabinsa yana nan a jininki ƙarfe uku, shi ya sa ko kin kwanta barcin ba ya nauyi. Hasken waya da ke dukan idonki cikin duhu yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin, wanda shi ke sanar da jiki dare ya yi. Na ukun shi ya fi su wayo: masu shirya fim mai dogon zango sana'arsu suke yi, sun san inda za su yanke. Ba sa yankewa lokacin da ake cin tuwo ana hira. Sai an turo ƙofa, uwargida ta ɗago kai, an buga kiɗan nan mai faɗar da gaba, sannan a rubuto miki "mu haɗu a kashi na gaba". Kafin ki yi shawara da zuciyarki YouTube ya riga ya ɗora miki na gaban da kansa. Ga kuma kamfanonin waya da garaɓasar datar tsakar dare, wadda ke sa mutum ya ji in ya kwanta ya yi asara.

Wannan ɓangaren gyaransa ba wuya. Ki kashe maɓallin da ke sa bidiyo na gaba ya fara da kansa, yana nan a saman bidiyon. In manhajar ta ba da dama, ki sauke kashi ɗaya da rana, da dare ki kashe data ki kalli shi kaɗai. Sannan ga wata dabara da na fi yarda da ita: kada ki bari kashin ya kai ƙarshe. Ki tsaya a tsakiya, daidai inda labari ya lafa, ana gaishe-gaishe ko ana tafiya a mota ba a cewa komai. A nan ajiye waya ba ya ciwo. Gobe ki ɗora daga nan, ki wuce wurin tashin hankalin, ki shiga kashi na gaba, ki sake tsayawa a tsakiyarsa. Wayar kuma ta kwana nesa da katifa, inda sai kin miƙe tsaye za ki kashe ƙararrawar asuba.

Ba zan yi miki ƙarya cewa za ki samu awa 7 a dare ba. Mai tashi huɗu da rabi sai ta kwanta tara da rabi kafin ta cika su, ke kuma lokacin maigida bai gama cin abinci ba. Ki sa goma da rabi a gaba, awa shida ke nan, ninki biyun abin da kike samu yanzu. Ragowar ki nemo shi a ƙailula: minti 20 zuwa 30 bayan an ci abincin rana, kafin la'asar, autan na gefenki. Kar ya wuce haka, kar kuma ya kai yamma, don zai ɓata miki na dare. Daren Juma'a wayewar Asabar kuwa naki ne. Ba makaranta, ki kalli kashi biyu ko uku da zuciya ɗaya, ki yi asuba ki koma, manyan su tafi Islamiyyar safe. Kallon da aka ware wa rana ana ɗokinsa tun Laraba ya fi daɗi nesa ba kusa ba a kan wanda ake yi ido na lumshewa, ana farkawa ana mayar da bidiyo baya don an rasa inda aka tsaya.

Yanzu bari na faɗi abin da nake gani a ƙarƙashin wasiƙar taki. Ba na jin fim ɗin ne kike so har haka. Tun asuba ake kiranki: Mama ina safata, Malama ya ƙwace mini fensir, Mama zan yi fitsari, maman yara ina ruwan wankan. Ƙarfe goman dare ne karon farko da ba mai kiran sunanki, ba mai bukatar hannunki. Shi ya sa kike jan lokacin kamar ba za ki sake samunsa ba, kina jin in kin rufe ido an wayi gari an sake ƙwace ki. Muddin wannan ce kaɗai sa'ar da kika mallaka a yini, duk dabarun da na lissafa a sama za su yi mako guda su watse. Sai kin samu irinta a wani wuri, da rana, ido biyu.

Iyayenmu mata sun san wannan, kuma sun yi wa abin hanya ba tare da sun ba shi suna ba. Ki ɗauki lalle. In aka kwaɓa shi aka shafa miki a tafin hannu da ƙafa aka ɗaure, shi ke nan, kin tashi daga aiki. Ba ki iya riƙe ludayi, ba ki iya ɗaukar tsintsiya, yaro ya zo da kuka a ce masa je wajen yayarka, Mama ta sa lalle. Ko waya ba ki iya latsawa. Awa biyu kina zaune a tabarma, ƙafa miƙe, bayanki jingine da bango, sanyin lallen yana ratsa tafin ƙafar da ta yini tsaye gaban allo. Kuma ba wanda ya taɓa shigowa gida ya ga mace da lalle a hannu ya ce mata raguwa, har yaba mata ake yi, a ce tana gyara wa miji. Haka kitso: ki kwantar da kai a cinyar mai kitso, tana tsaga tana shafa mai, hira na gudana, sau da yawa barci ma ke sace mutum. Ni a ganina rabin amfanin waɗannan abubuwa ba adon ba ne, zaman ne. Ki mayar da su cikin makonki da gangan, ba sai ana biki ba. Lallen gargajiya na ɗaurawa nake nufi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, maƙwabciya ma za ta sa miki ki sa mata.

Akwai kuma ƙanana na kowace rana. In kin shigo daga makaranta, kafin ki taɓa tukunya, ki cire hijabi ki watsa ruwa, ki zauna minti goma da kofin zoɓo ko kunun tsamiya. Yunwar minti goma ba ta taɓa kashe yaro ba, musamman in an miƙa masa gyaɗa ko ɗan rake ya riƙe. Da dare ki zuba ruwan ɗumi a roba ki tsoma ƙafafu, in kin fitar ki murza su da man kaɗe. Shayin dare kar ki bar shi, ganyen kawai za ki cire: ki dafa citta da kanumfari da na'ana'a, ki matsa lemun tsami ko ki zuba madara, ƙamshin da ɗumin suna nan, abin da ke hana barcin ne ya fita. Mai kaurin ki mayar da shi safe, can ne yake da aiki. Ki sa turaren wuta a ɗakinki ko da ba baƙo ba kowa, don hancinki ke ma hanci ne.

In kuma kin kwanta zuciya ta ƙi yin shiru, kunne ya fi ido sauƙi. Rediyo, ko littafin Hausa da ake karantawa a saurara, ko karatun Alƙur'ani da muryar da kike so, a rage sauti, a kife wayar. Ido a rufe yake, ɗaki duhu, barci ya samu ƙofar shigowa. Abin da ba na lissafawa cikin hutu ko kaɗan shi ne zaman latse-latse a Facebook da TikTok da duba hotunan da mutane ke ɗorawa a WhatsApp. Fim ko ba komai labari ne mai farko da ƙarshe, yana ɗauke ki ya kai ki wani wuri. Wancan kuwa sai ki shafe awa guda ki tashi da labarin rasuwa uku, da faɗan wasu da ba ki sani ba, da hoton kicin ɗin wata da ya sa naki ya koma miki kango.

Ranar da aka ɗauke wuta kuma waya ba caji, ki gwada shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki ce "ga ta nan ga ta nanku". Za ki sha mamakin yadda ɗan shekara takwas zai matso. In tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta ɓace miki, su za su ba ki tasu, ko ku buga ludo a hasken fitila. Wannan ba zai maye miki sa'arki ta kaɗaici ba, amma yaran da suka sha tsawa da safe suna bukatar su ga haƙoran uwarsu kafin su kwanta, ke ma kina bukatar ki tuna ba aiki kaɗai ne tsakaninku ba. Sau ɗaya a wata kuma, in da hali, ki je gidanku ki yini. A can ne kaɗai za ki kwanta a gadon tsohuwa a ce a bar ta ta huta, wani ya zubo miki abincin da ba ke kika dafa ba.

Duk wannan lallashi ne. Kayan da ke kanki sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ruwan ɗumi ba ya rage yawan kwanuka. Nana Fatima ma ta kai kukan wahalar niƙa, hannunta ya yi kanta, ta nemi mai taimaka mata. Annabi (SAW) ya koya musu ita da Sayyadina Ali tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 in za su kwanta, ya ce ya fi musu mai hidima alheri. Ki riƙe wannan, ya dace da daren mai gajiya. Amma ki lura ba a ce mata ta yi laifi da ta ce ta gaji ba. Kuma da aka tambayi Nana A'isha me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Don haka ki yi magana da maigida. Kin ce mutumin kirki ne, na kuma yarda, mai yiwuwa bai taɓa zama ya ƙirga awoyinki ba, domin kullum yana dawowa ya tarar komai ya kammala. Shi ma da nasa: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, ɗan kasuwa na yini a shago ciniki sai a hankali. Kar ki tare shi a bakin ƙofa, kar kuma ki fara da "kai ba ka taɓa". Ki bari ya ci ya natsu, ranar da ba ku da wani saɓani. Sannan kar ki ce masa "ka riƙa taimaka mini", maza da yawa ba su san ta inda za su kama wannan maganar ba, zai ce to, gobe a koma gidan jiya. Ki nemi abu mai suna da rana. "Abban yara, ranar Laraba ka riƙa taho mana da gurasa ko biredi da ƙwai, na huta girkin dare." Ko: "Ranar Lahadi da yamma ka ɗebe su ku je gaida Hajiya, ni zan zauna." Na biyun ma riba biyu ne, Hajiya ta ga jikokinta, ke kin samu awa uku gida shiru. In aljihu zai ɗauka, a ba da wankin manyan kaya. Ki gaya masa dalili kai tsaye, cewa barcin awa uku kike yi kuma kin fara jin jiki. Namijin kirki ya fi jin wannan a kan doguwar ƙorafi.

Yara ma sun isa. Mai shekara 11 za ta iya wanke-wanken rana, ɗan takwas ya yi shara, ya cika randa, ya haɗa jakarsa da takalminsa tun dare. Kar a jibga wa macen komai shi yana ƙwallo a waje, in ba haka ba wata za ki tanadar wa irin wasiƙar nan nan da shekara ashirin. Ba za su yi kamar yadda kike yi ba, kofi zai fito da ɗan maiƙo. Ki kau da kai.

A mako irin na jarrabawa kuwa, ki sassauta wa kanki da gangan tun kafin ya zo, tun da kalandar makaranta ba ta zuwa ba zato. Ki soya kayan miya da yawa ranar Lahadi, ki ƙafe su sosai cikin mai yadda za su yi kwanaki ko ba firji, ana ɗumamawa. Garau-garau abinci ne, ɗanwake abinci ne, taliya da manja da yaji abinci ce, ba wanda aka taɓa kai wa asibiti don bai ci tuwo da miyar kuka ran Talata ba. Anko kuma ba farilla ba ne. In ya zo a watan da ba hali, ki sa mai kyau cikin kayanki, ki je da wuri, ki kama aiki, ki ba da gudummawar da za ki iya. Masu magana za su yi ta kwana biyu su samu wani zancen.

Abu ɗaya nake roƙonki da babbar murya. Kar ciwon kan nan ya kai ki ga zama 'yar gidan mai kemis. Maganin ciwon kai in ana shan sa kusan kullum shi da kansa yana haifar da wani ciwon kan. Ƙwayar barci kuma ba a shan ta sai likita ya rubuta. Mun ga yadda maganin tari mai kodin ya shiga ɗakunan matan aure a garin nan kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018, kuma da yawansu ba da neman maye suka fara ba, da "bari na sha na samu na runtsa" suka fara. In wata ta miƙo miki wani abu ta ce yana sauke gajiya, ki ce kin gode.

Ki ba wannan tsari mako uku ko huɗu ki gani. In barci ya daidaita amma gajiyar na nan, kina jin jiri, ko numfashi na yi miki wuya in kin hau bene, ki je asibiti a auna jininki. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin mata masu haihuwa, kuma maganinsa mai sauƙi ne. A duba hawan jini ma tun da kina ciwon kai. Ta ɓangaren aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta sanya ƙonewar ƙarfi saboda matsin aiki cikin abubuwan da ta amince suna faruwa, da alamu uku: gajiyar da ba ta tafiya, jin aikin ya fita daga rai har mutum ya fara jin haushinsa, da raguwar ƙwazo. Malamai masu aji irin naki suna cikin waɗanda abin ke yawan samu. In kuma kika wayi gari ko fim ɗin ba ya yi miki daɗi, abinci ba ya shiga, kuka na zuwa ba dalili, kina jin ba ki da amfani, har hakan ya kai mako biyu, wannan ya wuce gajiya, ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, likitan asibitin unguwa ma zai iya tura ki. In tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, kar ki jira mako biyun, ki gaya wa wanda kika yarda da shi a ranar, ku tafi tare.

Saura ƙanwar maigida. Kar ki kai ƙararta, kar ki riƙe ta, kar kuma ki tsaya yi mata bayanin awa 17 da rabi, ba ta tambaya ba. Ta ga minti biyar ne daga cikin makonki ta yanke hukunci, kuma dangin miji sun saba. In ta sake shigowa ta same ki kwance, ki tashi zaune ki yi mata maraba da fara'a, ki ce, "Sannu da zuwa, kin ganni nan, jarrabawa ta tafi da ni. Ga zoɓo can a kula, zubo mana." In ta kalli kwanukan, ki bar ta ta kalla. In kuma har sun tsone mata ido ta naɗe hannun riga, ki nuna mata inda soso da sabulu suke, ki yi mata godiya.